Hannuna a Ƙarƙashin Hijabin Hajiya Mairo

Idan aka tambaye ni aikin da na yi a kudu, nakan ce kallon numfashi. Mutane su yi dariya, su ɗauka tsokana ce. Ba tsokana ba ce. Akwai gwajin da likita ke zura siririn bututu mai kyamara ta bakin mutum har cikin tumbinsa, ya duba ko gyambo ne ko wani abin daban. Kafin a zura, ana yi wa mutum allurar da za ta sa shi bacci sama-sama. Allurar nan tana kwantar da hankali, amma wani lokaci takan wuce gona da iri ta kwantar har da numfashi. Likita idonsa na kan allo yana kallon ciki. Ni kuma an tsayar da ni a wajen kai, in tabbatar mai cikin yana nan da rai.

Sunana Rabi, 'yar Kazaure ce ni, kuma nas. Sau biyu numfashin mutum ya tsaya a jikina. Na farko na 'yata ne, Bilki, tana da wata goma sha ɗaya. Zazzaɓi ne da tari. Na goya ta, na rufe ta da hijabina saboda rana, na hau acaɓa zuwa asibitin da nake aiki. Ina jin nauyinta da ɗuminta a bayana, har na ce wa mai acaɓan ya bi a hankali, yarinya ta samu bacci. Da na kwance goyon a ƙofar asibiti, ta riga ta tafi. Har yau ban san a wace kwana ba. A lokacin shekarata shida ke nan a aiki, ina ƙirga numfashin 'ya'yan mutane.

Ban yi kuka ba. Masu zuwa gaisuwa suka riƙa yaba tawakkalina. Ba tawakkali ba ne, babu komai ne kawai a ciki. Auren ya ja ƙafa na wasu watanni, ya mutu ba tare da an ɗaga murya ba. Da wata ƙawata ta makaranta ta turo min lambar wani mai asibiti a Fatakwal, na karɓa. Ba arziki na tafi nema ba, garin da babu wanda zai ce min "ya haƙuri" nake nema.

Fatakwal ta tarbe ni da ruwa. Ba irin namu ba da zai yi hadari ya sanar, wannan sai dai ka ji shi a ka. Na samu ɗaki a bayan kasuwar Rumuokoro, a wani gida da matan Hausawa masu sayar da busasshen kifi ke haya. Asibitin kuwa ɗaki uku ne a saman shagon tayoyi. Mai shi, wanda kowa ke kira Oga Dokta, ya karɓi takardar shaidar aikina ya ce zai yi fotokofi. Washegari na tarar da ita a cikin firam, an buga ta a bango sama da kansa. Mako bai cika ba na gane ni kaɗai ce a ginin da ta taɓa shiga makarantar lafiya. Shi mai sayar da magani ne da ya sayi farar riga.

Aikina a wurin zama ne a benci. Ranar da masu bincike za su zo, sai ya ce in sa yunifom in tsaya kusa da firam ɗin. Sauran ranakun shi ke allura, shi ke ƙarin ruwa. Wata uku na yi haka, kuma in faɗi gaskiya bai dame ni ba. Zaman ya dace da ni. Da yamma in sauko wajen Malam Idi mai shayi, wani dattijo ɗan Zamfara. Ya ce, "Sista, an taso lafiya? Ya gajiya?" In ce babu gajiya. Ya miƙo min kofi, ya koma kan rediyonsa. Bai taɓa tambayata miji ko 'ya'ya ba. A lokacin wannan ne alheri mafi girma da wani ya yi min.

Innata takan kira ta ce, "Ba kya kewarmu?" In ce ina yi. Abu ɗaya na san na rasa: shirun da gari ke yi a gida bayan azahar. A Rumuokoro kwandastoci ba sa gajiya da ihu.

Abin da ya tashe ni daga bencin, wata rana na buɗe littafin marasa lafiya na ga sunana a ƙarƙashin allurai da ban taɓa yi ba, da rubutun da ba nawa ba. Ranar Lahadi, Oga Dokta yana coci, na hau sama. Matar da ke share wurin ta gan ni ina jan kujera. Na ɗauka za ta yi ihu. Sai ta ajiye tsintsiya ta riƙe min kujerar, ta ce, "Madam, climb, e dey shake." Wato in hau, kujerar tana rawa. Na sauko da takardata, na bar masa firam ɗin.

Anacha na nufa, don wata daga cikin masu kifin tana da 'yar'uwa a can da ke auren wani mai albasa a wajen gada. Ɗakin da suka ba ni yana maƙale da sito, har kayana suka koma warin albasa. Mijin ne ya kai ni wani asibitin kuɗi inda yake karɓar maganin hawan jini. Suna neman nas mai jin Hausa, don 'yan kasuwarmu sun yi yawa kuma ba a fahimtar juna. Aka ajiye ni a ɗakin kyamara, ƙarƙashin wata tsohuwar nas Ibo, Sista Ebere.

Sista Ebere gajera ce, tana ɗingishi, bakinta ba linzami. Ba ta taɓa kiran sunana ba, "Hausa" take ce min. Ranar farko ta nuna min kayan wajen kai: robar da ake sa wa mutum a baki don kada ya ciji bututu, siririn tiyo na iskar oksijin da ake maƙalawa a hanci, da ɗan maƙalin yatsa da ke nuna lamba a inji. Lambar tana faɗin yawan iskar da ke cikin jini. Idan ta kusa ɗari, lafiya lau. Idan ta sauka ƙasa da casa'in, inji ya fara kuka. Na ce mata na san wannan tun a makaranta.

"You sabi?" Ta dube ni sama da ƙasa. "Oya sidon."

Ta zaunar da ni, ta sa min tiyon a hanci, ta buɗe iska, ta maƙala min abin a yatsa. Na shaƙa na ɗan lokaci. Sai ta ce in riƙe numfashi, kada in saki sai na kasa. Na riƙe. Lamba tana casa'in da tara. Ƙirjina ya fara zafi, tana casa'in da tara. Idona ya fara ganin taurari, ba ta motsa ba. Na saki ina haki.

Ta ce, cikin Turancinta na kasuwa, "Kin gani, Hausa? Kin daina numfashi, inji bai sani ba. Iskar da muka cika ki da ita ce take ruɗinsa. Kafin ya yi kuka, an yi nisa. Manyan asibitoci suna da wani injin da ke sansano iskar da mutum ke fitarwa. Mu ba mu da shi. Ke ce shi." Ta juya fuskar injin wajen bango. "Look the person." Wato mutumin zan kalla.

Ina zaune da tiyo a hanci, na tuna ɗumin nan da na ji a bayana har ƙofar asibiti. Na cire tiyon na naɗe shi yadda ta koya min.

Shekara ɗaya da rabi na yi ina kallon ƙirjin mutane yana hawa yana sauka. Na koyi bambanta munsharin da ba komai da wanda ke nufin harshe ya toshe hanya. Na koyi sa yatsu a bayan muƙamuƙi in turo shi gaba, hanya ta buɗe. Aikin ya yi min daidai, don ba ya son mai tunani, mai kallo yake so.

Matsalar ita ce matanmu. Mace ta zo da ciwon ciki na shekaru, a ce ta cire hijabi ta sa rigar asibiti mai buɗaɗɗen baya, ga likita namiji, ga mai tura gado namiji, kuma za a sa ta bacci. Sai ta ce bari ta je ta yi fitsari. Shi ke nan, ba za a sake ganinta ba. Sista Ebere ta yi ta faɗa, ta ce ba za ta iya ganin ƙirji a cikin tanti ba, kuma tana da gaskiya. Wata rana da wata matar ta miƙe za ta tafi fitsarin nan, na ce a bar ta da hijabinta. Da aka kwantar da ita a gefen hagu, na zura hannuna ta ƙasan hijabin na ɗora a kan haƙarƙarinta. Abin da ido bai gani ba, tafin hannu ya ji shi sarai. Aka gama lafiya. Labari ya zaga wajen gada, mata suka fara zuwa suna tambayar Sista mai hannu.

Sista Ebere ba ta yaba ba. Ta ce, "Zai yi aiki. Amma ranar da ya tsaya, wuya da ƙirji nake so a fili, nan take. Za ki yaga tsumman nan. You fit?" Na ce zan iya. Ta ce za mu gani.

Da likitanmu ya buɗe nasa wurin a Enugu, ya ce in biyo shi. Ranar da zan tafi, Sista Ebere ta ciro almakashinta na yanka bandeji, mai lanƙwasasshen baki, wanda ta fi shekara ashirin da shi. Ta cusa min a aljihu ta ce kada in sake in yi mata kuka. Ban da niyya dama.

A Enugu asibitin yana Ogui, ni kuma na samu ɗaki a Abakpa Nike, a gidan Hajiya Mairo mai tuwo. Rabin 'yan okada, wato 'yan acaɓa, da masu gyaran takalma da 'yan dako na unguwar a rumfarta suke ci. Amarya aka kawo ta garin daga Gumel, shekara arba'in da suka wuce. Miji ya rasu, ta ƙi komawa. Mace ce mai jiki, gajeren wuya, murya kamar tana kiran wani a tsallaken titi. Duk safiya sai na durƙusa mun gaisa, tun daga kwana har gajiya har mutanen Kazaure da ba ta taɓa gani ba. Idan na taƙaita, ta ce, "Ina za ki da sauri, jirgi ne zai bar ki?"

Ta ɗauke ni kamar aikin da aka ba ta. "Sista, kin ci? Wannan cin naki na kaza ne." Ta zuba min miyar kuka da man shanu, ta tsaya a kaina sai na gama. Ina ci ne don ta bar ni, ba na jin ɗanɗanon komai. Wata rana muna tsince shinkafa ta ce, "'Yar nan, kin taɓa haihuwa?" Na ce a'a. Ta ɗan dube ni, ta koma kan faifanta.

Bayan azahar takan kwanta a tabarma a tsakar gida. Munsharinta yakan hau, ya hau, sai ya yanke ɗif. In ina gida, ba na iya hana kaina ƙirgawa. Goma, sha biyar, wani lokaci ashirin, sannan ta ja iska da ƙarfi ta juya. 'Yarta Asabe, haifaffiyar Enugu da ta fi jin Ibo a kan Hausa, takan ce, "Anti Rabi, no mind am, haka Mama take tun muna yara."

A shekarata ta biyu Hajiya ta fara ramewa. Ta daɗe tana shan ƙwayoyin ciwon gwiwa daga kemis, biyu da safe biyu da yamma, a kan cikin da ba komai. Ta fara jiri a gaban murhu. Da Asabe ta raɗa min cewa bayan gidan Hajiya ya koma baƙi, na san jini ne ke zuba a ciki. Na kai ta wajen Dokta, likitan da na biyo daga Anacha. Ya ce sai an zura kyamara an ga inda yake fitowa, kuma ba abin jira ba ne.

A keke mai ƙafa uku muna dawowa ta ce ba za ta yi ba. A gida Asabe ta yi kuka, ta yi roƙo da Hausa da Ibo. Hajiya ta bari ta gama, sannan ta juyo gare ni.

"Rabi, zauna in gaya miki. Na bar garinmu, iyayena sun rasu ban rufe su ba. 'Ya'yana in sun yi mafarki da yaren mutane suke yi. Duk na haƙura. Amma tun da na sauka a tashar garin nan, babu namijin da ya ga gashin kaina sai uban Asabe. Ko haihuwa a ɗaki na yi. Shi kaɗai na riƙe. Yanzu da tsufana a sa ni bacci a tuɓe ni a gaban ƙarti?"

Na gaya mata yadda nake yi wa mata a Anacha. Ta saurara, ta sa na nuna mata inda zan ɗora hannun.

"Ba za a cire ba?"

"Ba za a cire ba, Hajiya."

"Ko me ya faru?"

Na ce ko me ya faru. Almakashin Sista Ebere yana aljihun yunifom ɗina, a rataye a bayan ƙofa. Na san da shi lokacin da nake magana. Oga Dokta ya karɓi takardata da sunan fotokofi, ni ma haka na karɓi yardar Hajiya, kuma ban ji komai ba.

Ranar Talata da safe muka je, ba ta ci ba ta sha ba tun jiya. Ta sa babban hijabinta mai ruwan toka, mai kauri, wanda ta zo da shi daga Makka, da ɗankwali a ciki. Asabe ta zauna a benci a bakin ƙofa. A ɗakin mu uku ne: Dokta, ni, da Emeka mai miƙa kaya. Na gaya wa Dokta yadda take bacci, na ce a rage allurar. Ya yarda, aka ba ta rabi. Na fesa mata maganin kashe maƙogwaro, ta yamutsa fuska ta ce, "Wannan ai ya fi maɗaci." Na sa mata robar baki da tiyon hanci, na kwantar da ita a hagu. Ta kamo hannuna da kanta ta tura shi ƙarƙashin hijabin.

Da bututun ya kai maƙogwaro ta fara kokawa, tana son fizge shi. Dokta ya ce a ƙara kaɗan. Aka ƙara. Ta lafa. Ina ƙirgawa da tafin hannu, ina kallon agogon bango. Sha huɗu a minti. Sha ɗaya. Munshari ya fara, na turo haɓarta da ɗaya hannun, ya ragu. Takwas. Dokta ya ce, "Ga shi nan," yana nuna allo, ya ga gyambon. Haƙarƙarin ya ɗaga kaɗan, ya sauka. Na jira na gaba.

Bai zo ba. Jikinta da ɗumi, da nauyi, a kwance lafiya kamar mai bacci. Na san wannan ɗumin. Na ƙirga goma. Na girgiza kafaɗarta na kira ta. Injin yana nuna casa'in da bakwai.

Na ce, "Dokta, fitar da shi. Ba ta numfashi."

Ya waiga ya dubi injin. Ya ce lamba tana da kyau, minti ɗaya kawai yake buƙata. Ba mugu ba ne, abin da ke gabansa yake gani. Na ce, "Fitar da shi yanzu!" da wata murya da ni kaina ban san ina da ita ba. Ya zare.

Muka juya ta rigingine ni da Emeka. Nan hijabin ya naɗe a ƙarƙashin nauyinta, bakinsa ya ja ya shaƙe ta a ƙasan haɓa. Na nemi bayan muƙamuƙinta, yatsuna suna zamewa a kan yadi. Na ɗora mata robar hura iska a fuska, gefen hijabin ya hana ta zama, iska tana fita ta gefe. Ban tsaya tunanin alkawari ba. In ce na yi ta kokawa da zuciyata, ƙarya nake. Na ciro almakashin, na sa shi a ƙasan haɓa, na tsarga hijabin har ciki. Ɗankwalin ya zame da kansa. Ga furfura, ƙananan kitso guda shida da Asabe ta yi mata shekaranjiya.

Sai a lokacin injin ya fara kuka. Tamanin da takwas. Tamanin da biyu. Na turo muƙamuƙin da hannu biyu, Emeka yana matsa jakar iska, Dokta ya yi mata allurar da ke karya ta baccin. Ina kallon ƙirjin yana ɗagawa da iskar da muke tura mata, ba tata ba. Ina magana, na san ina magana, amma ban ji abin da nake faɗa ba. Laɓɓanta sun yi toka-toka.

Sai ta ja. Irin jan nan na tsakar gida, mai ƙara. Ta sake ja. Ta yi tari. Injin yana can yana ta ihu a saba'in da tara, bai san an gama ba. Sai da ya ɗauki lokaci kafin ya haura ya yi shiru.

Na ɗauko hijabina na fita da ke rataye a ƙusa, na sa mata kafin ta buɗe ido. Nawa shuɗi ne, kuma bai kai mata gwiwa ba. Da ta farka sosai ta dubi ƙirjinta, ta shafa yadin. Ba ta tambaye ni komai ba. Dokta ya yi wa Asabe bayani: gyambo ne, za a kwantar da ita kwana biyu a ba ta magani, ta bar ƙwayoyin kemis, bayan mako shida a sake dubawa. Ni na shiga bayi zan wanke hannu, na kasa murɗa famfo. Na tsaya ina kallon hannun damana kamar na wani.

Da aka sallame ta, kwana uku ba ta amsa gaisuwata ba. In durƙusa, ta juya ta kira Asabe. Abinci dai bai fasa zuwa ba, a ajiye a ƙofar ɗakina an rufe da faifai. Na fara haɗa kayana a jaka. Na saba, gari na huɗu ba zai fi na ukun wuya ba.

A rana ta huɗu bayan azahar Asabe ta leƙo. "Anti, Mama dey call you."

Tana zaune a tabarmarta, tsargaggen hijabin a ninke a cinyarta. Na durƙusa nesa kaɗan.

"Su wa suka gani?"

"Dokta, da Emeka, da ni."

"Ƙarti biyu."

"Biyu, Hajiya."

"Da kika ce min ko me ya faru, kin san za ki yanka?"

"Na sani."

Ta daɗe tana kallon hijabin. Ta ce, "Shekara arba'in." Na ce ta yafe min. Ta ce, "Ban yafe ba tukuna, kada ki hanzarta ni." Na yunƙura zan tashi.

"Zauna, ban gama ba. Asabe ta ce tana benci ta ji ki kina ihu a kaina. Ta ce ba sunana kike kira ba. Wace ce Bilki?"

Shekara huɗu ban ji sunan a bakin kowa ba, har nawa. Na buɗe baki zan ce ban sani ba. Sai na ji ina gaya mata zazzaɓin, da acaɓan, da hijabin da na rufe ta da shi saboda rana, da yadda na ce a bi a hankali ta samu bacci. Na faɗe shi a miƙe, kamar ina ba likita rahoto. Da na kai wajen kwance goyon, muryar ta ƙi fita. Abin ya taso daga ciki, da zafi, ban san yana nan ba.

Hajiya ba ta ce min in yi haƙuri ba. Ta bar ni na yi kukan, har 'yan okada suka fara leƙowa daga rumfa, ta kore su da hannu. Da na lafa ta ce, "Na san kin haihu tun ranar shinkafa. Wadda ba ta taɓa goyo ba, ba ta karkata haka in ta sunkuya."

Ta miƙo min hijabin. "Ki ɗinke shi da hannunki, ba tela ba. Da shi zan koma bayan mako shidan. Kuma wannan karon kada ki yi min alkawarin komai. Ki zo da almakashinki."

Ta gyara filo ta kwanta a gefen hagu, lokacin baccinta ya yi. Na ɗauki hijabin zan tafi ɗaki. Ta kamo hannun damana, ta tura shi ƙarƙashin mayafinta ta danne a kan haƙarƙarinta.

"Ina za ki? Zauna ki ƙirga. In ya tsaya ki tashe ni."

Na zauna har la'asar. Sau uku ya tsaya, sau uku na tashe ta, tana zagina.